Yadda na zaɓi injin gano ƙarfe bayan na farko ya ƙi aiki a jiƙaƙƙen yashi

Injin gano ƙarfe na farko da na saya ban yi shawara da kowa ba, hoto kawai na gani da wani rubutu a jikin kwali wai yana jin ƙarfe har zurfin kaza, na biya aka kawo min. Ba sai na kama sunan kamfanin ba, don daga baya na gane injin aikin da aka ƙera shi dominsa yake yi, ni ne na kai shi inda ba wurinsa ba. A filin shaƙatawa lafiya lau, sati biyu ina fita da shi da yamma ina tono tsabar kuɗi da makullai da marafan kwalba ba adadi, har na fara jin ai abun nan ba wuya. Ranar da na kai shi bakin teku ma da farko babu matsala, a busasshen yashi can sama inda mutane ke shimfiɗa tawul yana aiki tsaf. Ina gangarawa inda ruwa ke tasowa ya koma, wurin da yashin ya yi duhu saboda jiƙa, sai injin ya rikice. Ƙara ta ko'ina, lambobi suna ta tsalle a sikirin, in na kaɗa dama ya yi kuka in na kaɗa hagu ya yi kuka, na tona rami ya kai biyar ban samu ko ƙusa ba. Na kashe na kunna, na cire batir na mayar, duk a banza.

Wani dattijo da ke can cikin ruwa har gwiwa da nashi injin ya daɗe yana kallona, sai ya fito ya zare abun kunnenshi muka gaisa. Nace Baba dan Allah duba min, ina jin injin nan ya lalace. Ya karɓa, ko saitin bai taɓa ba, ya ɗaga faifan, wato zagayayyen ƙasan injin da ake kaɗawa a kan ƙasa, sama kamar kamu biyu ya sauke shi a hankali kan jiƙaƙƙen yashin, injin ya yi ƙara. Ya taka zuwa busasshen wuri ya sake yin haka, shiru. Yace ɗana injinka ƙalau yake, gishiri yake ji. Wallahi wannan maganar ce ta sauya min duk yadda nake kallon abun, saboda ni a lissafina injin gano ƙarfe ƙarfe kawai yake ji, ban taɓa kawowa a raina cewa ƙasar da nake takawa ita ma tana da muryarta a kunnen injin ba.

Ya miƙo min nashi yace in gwada. Nauyi gare shi, babu sikirin, ƴan maɓallan murɗawa ne kawai, amma a daidai wurin da nawa ya haukace shi ko gezau, wani siririn sauti ne a kwance a kunnena har sai da faifan ya bi ta kan wani abu sannan ya ɗaga. Muka tona, muka tona, ramin ya kusa kai gwiwar hannu ruwa yana ta cika shi, ƙarshe guntun waya ne mai tsatsa. Yace to ka gani, wannan irin shi ake kira PI, gishiri baya damunshi kuma yana shiga ƙasa sosai, amma ba zai faɗa maka zobe ne ko ƙusa ba, komai sai ka tona. Sannan ya tambaye ni a ina na fi yawo, nace filin shaƙatawa. Yace kar ka soma sayen irin nawa.

Na dawo gida na zauna karatu, kusan wata guda kullum da dare. Abun da na fahimta a taƙaice shi ne yawancin injinan da mutane ke riƙewa irin wanda ake kira VLF ne. A cikin faifan akwai naɗin waya guda biyu, ɗaya yana aika maganaɗisu cikin ƙasa ba tsayawa, ɗayan yana saurare. In akwai ƙarfe a ƙasa sai lantarki ya ɗan zagaya a jikinshi ya mayar da amsa, kuma kowane irin ƙarfe da ɗan jinkirin da yake yi kafin amsar ta dawo, da wannan jinkirin injin yake hasashen ko baƙin ƙarfe ne ko alminiyam ko azurfa, shi ne lambar da kake gani a sikirin. Matsalar ita ce ruwan gishiri shi ma lantarki na bi ta cikinshi, to jiƙaƙƙen yashi gaba ɗaya sai ya zama wa injin kamar wani ƙaton faranti na ƙarfe mara ƙarfi da aka shimfiɗa. In kuma aka yi rashin sa'a gaɓar tana da baƙin yashin nan mai sinadarin ƙarfe wanda mayen ƙarfe ke kamawa, abu ya zama biyu, injin mai firikwensi ɗaya, wato wanda siginar da yake aikawa ke kaɗawa da sauri iri ɗaya tak, zai iya daidaita kanshi da gishirin ko da baƙin yashin, amma duka biyun a lokaci guda yana mishi wahala, sai dai ka yi ta rage mishi ƙarfin ji har ya yi shiru, kuma in ya yi shirun ya rasa zurfi kenan.

Cikin karatun ne na ci karo da labarin Alexander Graham Bell, mutumin da aka sani da tarho. A 1881 da aka harbi shugaban Amurka James Garfield, Bell ya haɗa wata na'ura don a gano inda harsashin ya maƙale a jikinshi, amma na'urar ta yi ta ba da sauti mai ruɗarwa, kuma daga cikin dalilan da ake faɗa har da wayoyin ƙarfen da ke cikin katifar da shugaban ke kwance a kai. Na daɗe ina tunanin wannan labarin, don matsalar da ta same ni a bakin teku kenan sak, abun da ke kewaye da abun da kake nema ya fi shi ƙara.

Shi PI ba ya aikawa a jere, bugu yake yi ya tsaya ya saurari yadda amsar ke mutuwa, amsar gishiri tana saurin mutuwa ta ƙarfe kuma tana ɗan jimawa, shi ya sa yake zama lafiya a ruwan teku. Sai kuma na uku, wanda shi ne ya ja hankalina, injin da ke aika firikwensi da yawa a lokaci guda ya kwatanta amsoshin ya cire na gishirin ya bar maka na ƙarfen, kuma duk da haka yana ba ka lamba kamar VLF na yau da kullum. Ba sabuwar dabara bace, Minelab na ƙasar Ostireliya sun daɗe suna yin irinta, amma a 2018 da suka fito da Equinox 600 da 800 ne abun ya zo cikin inji mara nauyi wanda kuma ake iya tsoma shi a ruwa, daga nan sauran kamfanoni suka biyo da nasu.

Kafin in sake kashe ko sisi na yi abun da ya kamata in yi tun farko, na ɗauko littafi na rubuta duk fitar da na yi da inda na tsaya. A fita goma, bakwai a filin shaƙatawa ne, uku a bakin teku, kuma ko a tekun ban taɓa shiga ruwa ya wuce gwiwa ba, ban iya nutso ba kuma ba ni da niyyar koya. Nan take PI ya fita daga lissafi. Duk wanda ya taɓa kaɗa faifai a ƙarƙashin bishiyar da mutane suka shekara suna zama ya san abun da nake nufi, a taku ɗaya sai ka ji abu huɗu biyar, ƙusa, marfin kwalba, kunnen gwangwani (ɗan abun da ake ja a buɗe gwangwanin lemo), ƴar takardar alminiyam da aka dunƙule, in kace duk sai ka tona a ciyawar jama'a to kafin awa ɗaya mai kula da wurin zai sallame ka kuma da gaskiyarshi. Haka ma Excalibur II, wanda ake nutso da shi har mita 60, inji ne na gaske amma ya haura kilo 2 kuma babu sikirin, na masu shiga ruwa ne ba nawa ba. Deus II na kamfanin XP na Faransa yana zuwa mita 20 kuma ba shi da nauyi, na yi sha'awarshi sosai ba zan ɓoye ba, sai dai ya wuce abun da na ware kuma mita 20 ɗin ba inda zan kai shi.

Akwai tarko ɗaya da na kusa sake faɗawa, kuma shi ne babban dalilin da yasa na zauna rubuta wannan. Inji ya zama ruwa baya shigarshi daban, ya iya aiki a ruwan gishiri daban. Na kusa sayen AT Pro na Garrett, kamfanin Amurka da ke Texas tun 1964, saboda na ga an rubuta ana tsoma shi har mita 3, nace shikenan na samu na teku. Inji ne mai kyau da mutane da yawa suka yi shekaru suna yabawa a fili da kogi da tafki, amma firikwensi ɗaya ne, kilohaz 15, to a jiƙaƙƙen yashin teku sai ka daidaita shi da hannu ka kuma rage ƙarfi. Simplex+ na Nokta da ke Turkiyya shi ma mita 3 ne kuma yana da saitin bakin teku, amma shi ma firikwensi ɗaya ne, kilohaz 12. A ɗaya ɓangaren kuma ga Vanquish na Minelab wanda yake da firikwensi da yawa ya iya gishiri, faifanshi yana shiga ruwa amma a wanda ake sayarwa a lokacin akwatin kanshi ba a tsoma shi, ni kuma na riga na ga yadda igiyar ruwa ɗaya ke zuwa ba sallama ta jiƙa mutum har ƙirji. Saboda haka sai ka duba abu biyun daban-daban, kar rubutu ɗaya a kwali ya rufe maka ɗayan.

Da na tace na tace sai ya rage min Equinox ɗin guda biyu da Legend na Nokta wanda a lokacin, 2022 kenan, bai daɗe da fitowa ba. A lokacin duka ana tsoma su mita 3, duka nauyinsu bai kai kilo ɗaya da rabi ba, duka batir ɗin ciki ne da ake caji. A takarda kusan ba ka da abun zaɓa, kuma bidiyoyin da na yi ta kallo inda mutum ke kaɗa zobe a iska gaban faifai yana auna nisa ba su ƙare ni da komai ba, tunda ba a iska zan nemi zobe ba.

Sai na koma wurin dattijon nan, don na lura duk lokacin da ruwa ya janye sosai yana can. Ya haɗa ni da wasu mutum biyu cikin abokan yawonshi, ɗaya yana da Equinox 600 ɗaya yana da Legend, suka yarda mu haɗu in gwada. Na zo da kayana a leda, zoben zinare siriri da na aro, zoben azurfa, tsabar kuɗi uku, kunnen gwangwani, marfin kwalba mai tsatsa, ƙusa doguwa, da wata siririyar sarƙa. Kowanne na ɗaura mishi zare don kar in yi asararshi a yashi. Muka binne ɗaya daga cikin zobban a jiƙaƙƙen wuri kamar kamu ɗaya muka danne, duka injinan biyu suka ji shi ba tare da hayaniyar nan da na saba ji ba, gaskiya sai da na ji wani sanyi a raina. Sarƙar kuwa babu wanda ya ji ta da kyau ko da muka sa ta kusa da sama. Na ɗauka laifin saiti ne, sai mai Legend ɗin yace a'a, ita siririyar sarƙa injin ba ya ganinta a matsayin abu ɗaya, kowane ɗan zagaye daban yake ganinshi, kuma amsar ƙaramin zinare tana zama kusa da amsar gishiri, to in inji ya toshe kunnenshi daga gishiri ya toshe daga ita ma. Wannan ba wanda ya rubuta min shi a kwali, kuma na ji daɗi da na sani kafin in saya ba bayan na saya ba.

Gwajin da ya fi min muhimmanci a ciyawa muka yi shi. Na ajiye tsabar kuɗi ɗaya na kwantar da ƙusa a gefenta kamar faɗin yatsu biyu. Tsohon injina in ya bi ta kai ƙusar kawai yake ji, kuɗin ya ɓace kwata-kwata, saboda kafin ya gama da amsar ƙusar faifan ya riga ya wuce. Waɗannan biyun kuwa akwai saitin saurin farfaɗowa, in ka ɗaga shi sai ka ji gurnanin ƙusar sannan ɗan siririn sautin kuɗin ya leƙo a bayanshi. Farashin hakan shi ne kana rasa ɗan zurfi. A nan na gane a filin shaƙatawa zurfin da na yi ta bi tun farko ba shi ne kan gaba ba, abubuwa masu kyau da yawa ba su yi nisa ba, shara ce ta rufe su, kuma waɗanda suka riga ka zuwa da injina masu nawa sun bi ta kansu sun wuce.

Sai maganar zinare da kunnen gwangwani, wadda har yau take min ciwo. Na sa su gefe da gefe, lamba kusan ɗaya, sauti kusan ɗaya, a duka injinan. Na tambayi dattijon ko akwai injin da ke raba su, yace da akwai da tuni na sayar da nawa na saya. Lambar ba sunan ƙarfe take faɗa ba, haɗin girman abu ne da siffarshi da yadda lantarki ke bi ta cikinshi, shi ya sa ƙaramin zoben mata zai iya faɗowa ƙasa wajen takardar alminiyam, ƙaton zoben maza kuma ya hau sama kusa da tsabar kuɗi. Duk wanda ya goge lambobin kunnen gwangwani don ya huta da tono, ya goge zobba da yawa tare da su.

Na kaɗa kowanne kusan awa ɗaya don in ji abun da kafaɗata za ta ce, saboda nauyin da aka rubuta ba shi ne nauyin da kake ji ba, inda nauyin ya taru shi ne magana, in gaba ya rinjaya to wuyan hannu ne zai biya. Duka biyun ban sha wahala ba. Abun da ya raba min gardama kunnena ne kawai, sautin Equinox ɗin na fi saurin gane shi, abokin da ke da Legend kuma yace shi akasin haka ne ya same shi, kuma na yarda da shi. Tsakanin 600 da 800 ban daɗe ina tunani ba. Na 800 yana da ƙarin kilohaz 20 da 40 da saitin neman ɗanyen zinare a ƙasar ma'adinai da ƙarin matakan gyaran sauti da sauri, amma a saitin fili da na bakin teku dabarar firikwensi da yawan iri ɗaya ce a cikinsu, ni kuma ba haƙar zinare zan je ba. Na ɗauki 600, ragowar kuɗin na sayi abubuwan da a da nake ganin kamar ƙari ne alhali su ne rabin aikin, wato ɗan ƙaramin injin hannu mai kama da tocila da ake zurawa cikin rami ya nuna maka daidai inda abun yake, da cebur ɗin yashi mai huji-huji da doguwar ƙota, da wuƙar tono mai haƙora don ciyawa. Wurin dila mai izinin kamfani na saya, na kuma duba lambar jikin injin da takardar garanti, saboda jabun injinan da suka yi suna suna yawo sosai kuma a hoto ba za ka bambance ba.

Kafin in koma filin shaƙatawar da sabon injin sai da na je ofishin masu kula da wurin na nemi izini, don kowane wuri da dokarshi, wani an yarda, wani sai da takarda, wurin tarihi kuwa galibi an hana gaba ɗaya. Mutumin ya tambaye ni yadda nake tono, na nuna mishi, ana yanka ciyawar ne gefe uku a bar gefe ɗaya a maƙale a ɗaga ta kamar murfi, ƙasar a zuba kan ƙyalle, in an ciro abun a mayar a taka, sharar da aka tono kuma a tafi da ita. Yace in dai haka ne ba matsala, amma ban da lokacin da ƙasa ta bushe ƙamas don ciyawar mutuwa take yi.

Satin farko na yi kuskuren ɗaga ƙarfin ji har ƙarshe, 25, injin ya yi ta ƴan ƙananan surutai musamman kusa da wayoyin lantarki, sai da na koyi danna maɓallin kawar da hayaniya duk inda na sauka in kuma sauko da ƙarfin zuwa wajen 20 sannan na fara jin abubuwa a fili. Faifan inci 11 da ya zo da shi ya yi daidai a teku inda wuri ke da faɗi, amma a gindin bishiyoyi yana kwaso abu uku a lokaci ɗaya. Abun kunne mara waya kuma in kan injin ya nutse sautin yankewa yake yi, sai mai waya. Duk dawowa daga teku ina wanke shi da ruwan famfo, in kwance sandar, in ɓalle murfin ƙasan faifan in zubar da yashin da ya taru, don in ya taru shi ma yana sa injin surutu.

Ranar da na koma daidai wurin da na farko ya rikice, ruwa ya janye sosai bayan iska ta kwana biyu tana kaɗawa, na sa saitin bakin teku na ɗaya na fara tafiya, shiru, sai ƙarar takuna a yashi. Abu na farko da na tono dalmar masunta ce irin wadda ake ɗaura wa ƙugiya, na biyu ma ita ce. Na nuna wa dattijon ina shirin matsawa gaba, yace ina za ka, ai nan za ka tsaya, ruwa yana tara abu mai nauyi wuri ɗaya ne, inda dalma ta kwanta nan zinare ke kwanciya. Na yi ta zagaya wurin a hankali faifan yana shafar yashi, na ciro dalma shida da tsabar kuɗi biyu da suka yi kore da wani makulli, ruwa ya fara dawowa ya kore mu. Zoben farko sai bayan wata biyu na same shi, kuma ba a tekun ba, a filin shaƙatawa ne kusa da wani benci, lamba 14, bayan na ciro kunnen gwangwani goma sha ɗaya a yammacin da lamba kusan irin ta. Akwai haruffa biyu a cikinshi, na kai ofishin masu kula da wurin na bar lambar wayata. Yanzu faifai mai inci 6 nake tara wa kuɗi, akwai wata tsohuwar bishiya a ƙarshen filin da ƙusoshi suka yi yawa a gindinta, na tabbata ban gama jin abun da ke wurin ba.